Dishi-dishi a allon kwamfuta: Yadda ake gano inda matsalar take kafin a nufi wurin mai gyara

Dishi-dishin rubutu ko na hoto na cikin ƙorafe-ƙorafen da aka saba ji a kan shafaffen allon kwamfuta, wato monita marar ƙeya da ta maye gurbin tsohuwar mai ƙeya a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a faɗin Najeriya. Wani lokaci fuskar ce gaba ɗaya ke yin hazo-hazo. Wani lokaci kuma wani sashe ne kawai, ta yadda za a ga layin rubutu guda, farkonsa garau, tsakiyarsa a dame, ƙarshensa kuma garau.

Hukuncin da mutane da dama ke yankewa nan take shi ne allon ya tashi aiki. Daga nan sai a kai shi wurin mai gyara, ko a jingine shi a sito a sayo wani. Alhali sau da yawa gilashin lafiyarsa ƙalau, laifin yana ga saiti ne, ko ga wayar da ta haɗa allon da kwamfuta, kuma gyaran bai wuce na minti biyar ba. Kyale matsalar ma yana da tasa asarar. Ma'aikacin da ke wuni yana shigar da lambar asusun banki ko lambar NIN a allon da 3 ke kama da 8, ko 1 ke kama da 7, yana tattare da haɗarin kuskure, ban da ciwon kai da gajiyar ido da zai koma gida da su.

Abin da ke sauƙaƙa binciken shi ne kowane irin dishi-dishi na da kamanninsa, kuma kamannin ne ke nuna inda ya samo asali.

Allo mai ƙayyadaddun gurabu

Tsohuwar monita mai ƙeya tana zana hoto ne da tsinken haske da ke share fuskar gilashi layi bayan layi, don haka tana iya karɓar hoto mai yawan ɗigo iri-iri ba tare da ya dame sosai ba. Shafaffen allo irin na LCD ba haka yake ba. An ƙera shi da ƙananan gurabu a jere kamar gurabun dara, kowane gurbi ɗigo ɗaya ne da ake kira fiksel, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa ba ya raguwa tun daga masana'anta. Allon da aka rubuta masa 1920×1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Kowane ɗigo kuma ya kasu uku: ja, kore da shuɗi.

Hoto yana fitowa tas ne idan kowane ɗigo da kwamfuta ta turo ya faɗa gurbinsa daidai, ɗaya a kan ɗaya. Duk abin da ya hana hakan, ko ƙarancin ɗigon da aka turo, ko saɓanin lokaci a kan waya, ko wata manhaja da ta miƙe hoton, to sakamakonsa dishi-dishi ne. Mafi yawan abin da za a bayyana a ƙasa rassan wannan magana ɗaya ce.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Kafin a taɓa kowane saiti, yana da kyau a fara da ido. Mutum ya rufe ido ɗaya ya kalli allon, sannan ya sauya. Ya kuma dubi takarda ko fuskar wayarsa daga nisan da allon yake. Idan wurin da ya yi hazo yana bin inda idon ya juya, ko kuma ido ɗaya ne kaɗai ke ganinsa, to batun ya bar hannun mai gyaran kwamfuta ya koma na likitan ido. Daga wajen shekara 40 ganin kusa yakan fara raguwa, kuma tabarau na magance wannan. Amma tabon hazo da ya bayyana kwatsam a ido ɗaya, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, ba abin da za a jinkirta kai shi asibiti ba ne.

Na biyu shi ne datti. A kashe allon, a haska shi da tocila daga gefe. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu da ta manne a kansa sukan yi tabon da ke kama da lalacewa idan allon na kunne. Ana fara kaɗe ƙurar ne a hankali, domin tsakuwar da ke cikinta na karce fuskar, sannan a goge da kyalle mai laushi irin na goge tabarau wanda aka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta. Ba a fesa ruwa kai-tsaye a kan allo, domin yakan gangara ya shige ƙarƙashin baki, inda siraran wayoyin gilashin suke. Ruwan wanke gilashin taga da tina da man goge farce kuwa suna cinye shafen da ke hana allon ƙyalli, su bar tabon da ba ya fita har abada.

Idan ido lafiya, allo kuma tsaf, sai a buɗe takarda mai ƙananan rubutu a ja ta daga wannan gefe zuwa wancan. Idan hazon ya bi takardar duk inda ta je, laifin na takardar ne ko na manhajar da ta buɗe ta. Takardar da aka yi wa sikanin da ƙaramin inganci, ko hoton da ya sha yawo a WhatsApp har ya dusashe, babu allon da zai gyara su. Idan kuwa hazon ya tsaya a wuri ɗaya, rubutu na shiga cikinsa ya dame ya fito ya washe, to zargi ya koma kan waya ko allon kansa.

A nan ne menu na monita ke da amfani. Akwatin saiti da ke fitowa idan aka danna maɓallan jikin monita ba daga kwamfuta yake zuwa ba, monitar ce ke zana shi da kanta. Yawancin monitoci suna ba da damar matsar da wannan akwati, don haka a kai shi daidai wurin da ake zargi. Idan rubutunsa ya fito rangaɗau a wurin, gilashin ya kuɓuta daga zargi, saura waya da saiti. Idan shi ma ya dame, to ciwon a jikin allon yake. Wasu monitoci, kamar da dama daga cikin na Dell, suna da gwajin kansu da ke nuna launin toka da ja da kore da shuɗi da baƙi da fari ɗaya bayan ɗaya ko da an cire wayar hoto.

Akwai kuma gwajin sikirinshot. A ɗauki hoton fuskar da maɓallin Print Screen, a tura shi zuwa waya ko wata kwamfuta, a faɗaɗa shi a can. Kuskuren da ake yawan yi shi ne duba hoton a kan allon da ake zargi, wanda ba zai nuna komai ba. Idan hazon ya fito a wata na'urar, to tun a cikin kwamfuta aka haife shi. Idan bai fito ba, a hanya ko a allo ya shiga.

Idan adadin ɗigo bai zo ɗaya ba

Wannan shi ne sanadin da ya fi sauƙin faruwa, ya kuma fi sauƙin gyara. A ce kwamfuta na turo hoto mai ɗigo 1,366 a kwance zuwa allo mai gurabu 1,920. Dole monita ta shimfiɗa kowane ɗigo a kan gurbi ɗaya da kusan biyu bisa biyar na maƙwabcinsa. Kamar a ce a raba goro goma ga mutum goma sha huɗu ne, sai an ɓare wasu. Siririn layin da ya kamata ya zama baƙi wuluk a gurbi ɗaya sai ya zama toka-toka a gurbi biyu, shi ya sa wasu haruffa ke fitowa da kauri, wasu a dushe.

A Windows 10 da 11, ana danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta a fili, a zaɓi Display settings, a gangara zuwa Display resolution, a ɗauki adadin da aka rubuta wa Recommended a gabansa. Monitoci masu inci 17 da 19 masu kusan murabba'i, waɗanda har yanzu suka cika ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, galibinsu 1280×1024 ne. Masu faɗi na inci 19 sukan zama 1440×900 ko 1366×768, na inci 20 kuma 1600×900, da yawa daga na inci 22 na da 1680×1050, yayin da sababbi masu inci 22 zuwa 24 suka fi zama 1920×1080. Lambar samfurin da ke bayan monita ita ce ke raba gardama.

Mutane da yawa da kansu suke rage wannan adadi domin rubutu ya yi girma. Manufar mai kyau ce, hanyar ce ba daidai ba. Wanda rubutu ya yi wa ƙanƙanta ya bar adadin ɗigo yadda yake, ya ƙara girman rubutu a wurin da aka rubuta Scale, zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari.

Wani tarkon kuma yana ga masu jona laftof da babbar monita ko majigi. Idan aka zaɓi fuskokin biyu su riƙa nuna abu ɗaya, kwamfuta takan bi adadin da dukkansu za su iya ɗauka, wato na ƙaramar. Laftof mai 1366×768 sai ta ja babbar monita ƙasa. Danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Extend ko Second screen only, yana bai wa kowace fuska adadinta.

Yakan faru a nemi adadin da ya dace a rasa shi a jerin. Dalili ɗaya shi ne direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa sashen zana hoto na kwamfuta. Bayan an sake ɗora Windows, abin da masu gyara ke kira fomatin, sau da yawa ana barin kwamfuta da direban wucin-gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda bai san dukkan adadin ba. Ɗora na ainihi daga Intel ko AMD ko Nvidia ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar yana warware wannan. Dalili na biyu shi ne kwamfuta ba ta ji bayanin da monita ke yi a kan kanta ba. Kowace monita tana ɗauke da ɗan bayani da ake kira EDID, mai ɗauke da sunanta da adadin ɗigonta, kuma ta cikin wayar hoto take aika shi. Waya marar kyau, ko akwatin raba hoto zuwa fuska biyu, na iya datse wannan saƙo, sai Windows ta koma yin kirdado.

Waya mai shuɗin kai

Idan ƙorafin shi ne wasu wurare sun dame wasu kuma garau, a tsaye kamar zanen atamfa, to abu na farko da za a duba shi ne ko wayar VGA ce ke haɗe. Ita ce mai shuɗin kai da sukurori biyu da haƙora a jeri uku. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, a zamanin monita mai ƙeya. Tun a watan Disamban 2010 Intel da AMD suka sanar da shirin daina tallafa mata zuwa 2015, amma a ƙasar da kwamfutocin tokumbo suka yi yawa, har yau da ita ake aiki a ɗimbin tebura.

VGA ba ta aika hoto a matsayin lambobi. Kwamfuta tana mayar da ɗigon zuwa igiyar lantarki mai hawa da sauka, monita kuma sai ta sake yanka igiyar nan gunduwa-gunduwa ta zuba kowace a gurbinta. Saurin abin ya wuce misali. A 1280×1024, ana yankan ne sau miliyan 108 a daƙiƙa ɗaya, a 1920×1080 kuma sau miliyan 148 da rabi. Wayar ba ta ɗauke da agogon da zai faɗa wa monita daidai inda kowane ɗigo ya fara da inda ya ƙare, alamar farkon layi da ta farkon shafi kawai take bayarwa. Sauran monita ce ke lissafa shi da kanta.

Wanda ya taɓa ganin shuka zai gane abin da ke biyo baya. Mai sara na gaba da sungumi, mai zuba iri na biye. Idan takunsu ɗaya, kowace ƙwaya a rami take faɗawa. Idan takun na baya ya ɗan fi tsawo, a farkon kunya iri zai faɗa rami, can gaba ya riƙa faɗawa a baki, sannan tsakanin ramuka, daga baya kuma ya sake dacewa. Haka rubutu ke yi a allon da lissafinsa ya kauce: garau, dame, garau, dame, a ginshiƙai daga sama har ƙasa. Gwargwadon girman kuskuren, gwargwadon yawan ginshiƙan.

Saiti biyu ne ke kula da wannan. Na farko shi ne Clock, ko Pixel Clock, wanda monitocin Samsung ke kira Coarse. Shi ne tsawon taku, kuma shi ke kawar da ginshiƙan. Na biyu shi ne Phase, wanda Samsung ke kira Fine. Shi ne daidai lokacin da ake sakin ƙwayar. Idan ya kauce, rubutu gaba ɗaya yakan yi laushi, ko a ga gefen haruffa na rawa kamar tururuwa na tafiya a kwance.

Kusan kowace monita mai VGA tana da maɓallin Auto, ko umarnin Auto Adjust a cikin menu, wanda ke daidaita su biyun cikin daƙiƙa kaɗan. Sai dai yadda ake danna shi ma yana da ƙa'ida. Monita na buƙatar hoto mai kaifin gefe da ya cika fuska kafin ta iya aunawa. Idan aka danna shi a kan baƙar fuska ko bidiyo ko hoton gajimare, lissafin zai iya fita a karkace. A buɗe shafi fari mai cike da ƙananan rubutu, ko shafin Excel mai layuka, ya mamaye fuskar baki da baki, sannan a danna. Idan bai wadatar ba, sai a koma yi da hannu, kuma Clock ake fara gyarawa. A riƙa matsar da shi ɗaya-ɗaya ta ɓangaren da ginshiƙan ke ƙara faɗi suna raguwa, har su ɓace. Bayan nan ne ake juya Phase har rawar ta tsaya. Wanda ya fara da Phase zai gyara gefe ɗaya ne kawai, ɗaya gefen ya ɓaci. Duk lokacin da aka sauya kwamfuta ko adadin ɗigo, akan bukaci a sake wannan aiki.

Ita kanta wayar tana da nata laifin. Inuwa da ke bin kowane harafi ta hannun dama, kamar an buga hatimi sau biyu, alama ce ta siririyar waya marar kariya, ko wadda ta yi tsawo, ko wadda aka yi wa jone-jone. Saƙon ne ke dawowa kamar amsa-kuwwa. Gajeriyar waya mai kauri, mai ƙulli kusa da kowane kai, ta fi dacewa, kuma a ɗaure sukurorin biyu. A duba haƙoran ma. Na 1 da 2 da 3 su ne ke ɗauke da ja da kore da shuɗi, idan ɗaya ya lanƙwashe launin fuska yakan juye. Na 12 da 15 kuma su ne hanyar bayanin EDID. Amma wanda ya ƙirga ya samu 14 maimakon 15 kada ya yi saurin jefar da wayar, domin wayoyi da yawa da gangan ake ƙera su babu haƙori na 9.

Igiyoyi masu rarrafe a fuska, waɗanda ke tsananta idan an tayar da janareto ko an jona cajar laftof, hayaniyar lantarki ce ke kutsawa cikin wayar. A zare cajar a gani. Idan fuskar ta natsu, to cajar ce, ko kuma soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Raba wayar hoto da wayoyin wuta yakan rage abin.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne barin VGA idan na'urorin biyu suna da wata kafa. DVI da ta fito a 1999, da HDMI da ta biyo baya a farkon shekarun 2000, da DisplayPort ta 2006, duk lambobi suke aikawa, don haka babu batun Clock ko Phase, shi ya sa ma saitin ke dushewa a menu idan an jona su. Abu biyu ne ya kamata a sani a nan. Ɗan adaftan da ke mayar da HDMI zuwa VGA bai fitar da mutum daga matsalar ba, domin ƙarshen tafiyar dai VGA ce, kuma yana buƙatar Auto. Sannan lalatacciyar wayar HDMI ba ta jawo hazo. Alamarta ita ce tartsatsin ɗigo ko ɗaukewar hoto. Wanda aka ce ya sayi HDMI mai tsada domin rubutu ya ƙara kaifi, kuɗinsa kawai zai kashe.

Manhaja ɗaya ta dame, saura garau

Idan an ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150, sababbin manhajoji sukan sake zana haruffansu da kyau. Tsofaffi kuwa, irin na lissafin kuɗi da na rajista da ofisoshi suka daɗe suna amfani da su, ba su san wannan tsari ba, sai Windows ta miƙe su kamar hoto. Ana gyara wannan ta danna ɓangaren dama a kan alamar manhajar, a shiga Properties, sannan Compatibility, sannan Change high DPI settings, a sa alama a Override high DPI scaling behavior, a zaɓi Application. Rubutun zai yi kaifi, ko da yake yana iya ƙanƙancewa. Taga da ta dame bayan an ja ta daga laftof zuwa monita kuwa, rufe ta a sake buɗewa yakan isa.

Akwai kuma ClearType, dabarar da Microsoft ta sanar a 1998, wadda ke amfani da kashi ukun nan na kowane ɗigo wajen gyara gefen haruffa. Idan an kashe ta rubutu yakan yi kaushi, idan kuma saitinta bai dace da allon ba sai a ga ja-ja ko shuɗi-shuɗi a gefen haruffa. Rubuta ClearType a wurin bincike na Windows yana buɗe gwajin da mutum zai zaɓi samfurin da ya fi kwanta masa a ido. A menu na monita ma akwai Sharpness, wanda idan ya yi ƙasa hoto ke laushi, idan ya yi sama kuma haruffa su yi farin rawani. Mayar da monita saitin masana'anta yana share duk wani taɓe-taɓe da aka yi a baya.

Masu amfani da talabijin na bango a matsayin monita suna da ƙarin aiki. Talabijin yakan faɗaɗa hoto kaɗan ya yanke gefuna, wanda hakan ke rushe daidaiton ɗigo da gurbi. Saitin Just Scan a LG, ko Screen Fit a Samsung, yana hana wannan. Yakan kuma rage bayanin launi, abin da ba a lura da shi a fim amma yake dama jan rubutu da shuɗi. A talabijin da yawa, sauya sunan kafar HDMI zuwa PC yana kashe waɗannan dabaru. Sai dai akwai iyakar da saiti ba ya ƙetarewa. Talabijin mai inci 32 da 1366×768 yana da ɗigo kusan 49 ne a kowane inci, monita mai inci 24 da 1920×1080 kuma kusan 92. Wanda ya zauna dab da na farkon zai ga rubutu a fashe, kuma ba lalacewa ba ce, ƙirarsa ke nan.

Idan ciwon a gilashi yake

Tabon da ya ƙi motsi, ya dama har menu na monita, ya kuma bayyana ko da wace kwamfuta aka jona, na allon ne. Allon LCD hawa-hawa ne: fitila a baya, sai faranti da ledoji masu baza haske, sai gilashi biyu da ruwan kiristal a tsakaninsu, da siririyar leda mai tace haske a gaba da baya. Kowane hawa da irin cutarsa.

Farin tabo ko gajimare da ya fi fitowa a kan launin toka yawanci sawun danni ne, na yatsa, ko na kaya da aka ɗora wa laftof a jaka, ko na yadda aka cusa monitoci a kwantena. Ba ya warkewa, kuma murza shi da ake yi da fatan ya baje yakan ƙara shi. Taswira mai gefe kamar ta zubar shayi alama ce ta ruwa ko laima da suka shiga tsakanin ledojin. Wannan wani lokaci yakan ragu idan aka ajiye allon a busasshen wuri na kwanaki, ba a rana ba. Ƙura da ƙananan ƙwari ma suna shiga ta ramukan iska su maƙale a bayan gilashi, kuma danna ƙwaro daga waje yana mayar da shi tabo na dindindin.

A garuruwa masu zafi da laima irin su Legas da Fatakwal da Kalaba, ledar da ke tace haske takan ruɓe, musamman a allon da ya daɗe a ajiye. Fuskar sai ta yi ƙuraje ko tsage-tsage daga tsakiya, tana warin tsami irin na ruwan kal. Ƙwararren mai gyara na iya ɓare ta ya manna sabuwa, aiki ne mai son haƙuri da wuri marar ƙura.

Hoto da ke fitowa biyu-biyu a sama da ƙasa, ko rabin fuska da ke jan ƙafa, yana nuni ne ga ƙaramin bod da masu gyara ke kira T-con, ko ga siraran wayoyin da aka manne a gefen gilashi. Na farkon ana sauya shi, na biyun kuwa sai da injin manni na musamman, kuma a ƙaramar monita kuɗin aikin na iya kamo kuɗin wata. Duhu a gefe ɗaya, ko fuska da ke farawa da ja-ja kafin ta washe, alamar tsufan fitilar baya ce a monitocin da suka riga zuwan LED. Fuska mai ƙyaftawa ko jinkirin kamawa kuma galibi kafasitocin sashen wuta ne suka kumbura, gyara mai araha. Amma buɗe monita ba aikin gida ba ne, domin babbar kafasita takan riƙe wutar da ta haura volt 300 ko bayan an zare soket.

Jelar da ke bin kibiya ko rubutu yayin da ake gungura shafi, wadda ke ɓacewa da zarar hoto ya tsaya, ɗabi'ar ruwan kiristal ce da ke ɗaukar ɗan lokaci kafin ya juya. Saitin Response Time ko Overdrive yana rage ta, matsakaicin mataki ya fi dacewa.

Ga mai shirin sayen monita ta hannu, ko a Computer Village da ke Ikeja, ko kasuwar Alaba, ko Banex Plaza a Abuja, gwajin minti biyar a gaban mai shago ya fi kowane alƙawari. A sa a nuna fari zalla, sannan toka, sannan baƙi, domin tabon danni a toka ya fi tonuwa. A buɗe ƙananan rubutu a adadin ɗigon da ya dace, a gwada kowace kafa da ke bayanta, a kuma sansana fuskar. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar samfuri da kwanakin garanti, domin Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta tanadi haƙƙin mai saye a kan kaya masu aibi, kuma rasit ne hujjar farko da za a nema.

Monitar da ta gagari gyara kuma a duba bayanta kafin a rabu da ita. Idan akwai alamar Hg, fitilunta na ɗauke da sinadarin makuri mai guba, don haka ba a fasa ta, ba a ƙona ta a bola, ba a kuma bar wa yara su yi wasa da ita. Masu gyara sukan karɓe ta domin bod ɗin wuta da ƙafar tsayawa, waɗanda ke yi wa wata monitar amfani.